Tuƙi bayan kotu ta hana ka a Birtaniya: Abubuwan da ya kamata ka sani

A Birtaniya mutum zai iya rasa damar tuƙi ba tare da ya taɓa yin ko da ƙaramin hatsari ba. Kyamara ta kama shi sau biyu yana gudu, ɗan sanda ya gan shi sau ɗaya da waya a hannu, shi ke nan maki ya cika. Babbar matsalar tana zuwa ne bayan haka, lokacin da mutum ya ɗauki makulli ya fita da tunanin cewa magana ce ta takarda kawai. Hana tuƙi umarnin kotu ne, kuma wanda ya karya shi alƙali yake yi wa kunnen ƙashi. Mutanenmu na Najeriya da Ghana da Nijar da ke karatu a can, ko aikin kula da tsofaffi, ko kai saƙon kaya gida-gida, da yawansu da mota suke neman abinci, don haka maganar ta shafe su kai tsaye.

Yadda ake kai wa ga hanin

Kowane laifin hanya yana da makinsa. Wuce ƙa'idar gudu, mafi ƙaranci tarar fam 100 da maki 3. Amfani da waya a hannu, tun Maris 2017, fam 200 da maki 6. Wanda ya tara maki 12 cikin shekara uku, kotun majistare kan hana shi tuƙi na aƙalla wata shida, kuma idan ya sake cikin shekara uku sai ya zama shekara ɗaya. Wasu laifukan ba sa jiran lissafin maki: tuƙi cikin maye yana jawo hani na aƙalla wata 12, ko shekara uku ga wanda aka samu da laifin sau biyu cikin shekara goma.

Hanin yana fara aiki ne daga lokacin da alƙali ya furta shi. Wanda ya tuƙo kansa zuwa kotu da safe, motarsa na nan a wurin ajiye motoci, makulli na aljihunsa, amma sai ya nemo wanda zai mayar da ita gida.

Wasiƙar da ba ta same ka ba

Nan ne baƙi suka fi faɗawa, domin su ne masu yawan sauya ɗakin haya. Takardar tara tana zuwa ne adireshin da ke rajistar mota a hukumar DVLA, mai hedikwata a Swansea. Idan ka tashi ba ka sanar ba, takardun za su ci gaba da taruwa a bakin ƙofar tsohon gidan. Rashin amsa takardar da ke tambayar wa ke tuƙi a lokacin laifi ne mai zaman kansa, kuma maki 6 gare shi. Irin wannan takarda biyu sun isa su cika maki 12. Kotu tana da ikon yanke hukunci a bayan idonka bayan ta aika da sanarwa, sanarwar kuma can tsohon gidan za ta je.

Sai ranar da 'yan sanda suka tsayar da kai, domin kyamarorin da ke karanta lambar mota sun nuna musu ita, ka ji labarin. Cewa "wallahi ban sani ba" ba ya wanke mutum daga wannan laifi. Abin da mai gabatar da ƙara zai tabbatar biyu ne: an hana ka, kuma ka tuƙa mota a kan titi. A ganina akwai tsauri a nan ga wanda da gaske bai sani ba, sai dai doka ta bar masa ƙofa: yana iya yin rantsuwa a rubuce cewa bai san da shari'ar ba, cikin kwana 21 daga ranar da ya ji labarinta, domin a sake ta daga farko. Kafin hakan ya tabbata, hanin yana nan daram.

Rigakafin ba ya cin ko kwabo. Shafin gwamnati na intanet yana nuna makinka da matsayin lasisinka, muddin kana da lambar lasisi da lambar inshorar ƙasa da lambar unguwa. Rashin sauya adireshi kuwa shi ma yana iya jawo tarar da ta kai fam 1,000.

Hukuncin

Sashe na 103 na Dokar Zirga-zirgar Hanya ta 1988 ne ya haramta wannan tuƙi. A Ingila da Wales hukuncin yana iya kai wa ɗaurin wata shida, ko tara wadda ba ta da iyaka, ko duka biyun, tare da maki 6 ko ƙarin wa'adin hani. A Scotland ɗaurin na iya kai wa wata 12. Alƙalai suna duba ko hanin sabo ne, da nisan tafiyar, da ko an ɗauki fasinja ko an yi tuƙin don kuɗi. Kuma laifin yana shiga tarihin mutum na masu laifi, wanda ake tambaya a wurin neman aiki da neman zama ɗan ƙasa.

Idan rai ya salwanta, magana ta canza baki ɗaya. Tun 2015, wanda ya yi sanadin mutuwar wani yana tuƙi a lokacin hani zai iya shan ɗaurin shekara 10, wanda ya ji wa wani mummunan rauni kuma shekara 4. Baƙon da aka ɗaure wata 12 ko fiye, dokar kan iyaka ta 2007 ta sa shi cikin waɗanda ake kora daga ƙasar.

Inshora tana faɗuwa tare da lasisi

Ko da kana biyan kuɗinta duk wata, inshora ba ta ɗaukar nauyin direban da aka hana. Shi ya sa tuhumar kan zo biyu a haɗe. Tuƙi ba inshora yana da maki 6 zuwa 8 a kotu, kuma 'yan sanda na iya kwashe motar nan take. Idan an yi hatsari, za a biya wanda aka cuta, sannan a iya biyo direban da bashin kuɗin, wanda kan yi yawa idan rauni ya yi tsanani. Ɗan'uwan da ya ba da aron mota saboda kunya ko zumunci shi ma yana iya samun kansa gaban alƙali, domin barin wani ya tuƙa motarka ba inshora laifi ne.

Lasisin gida ba ya ceto

Wanda ya koma Birtaniya da zama yana iya tuƙi da lasisin Najeriya na wata 12. Amma kotu mutumin take hanawa, ko wace takarda ce a jakarsa. Nuna lasisin gida ko na ƙasa da ƙasa ba ya rage komai.

Hanyoyin da doka ta buɗe

Kafin a yanke hanin cikar maki, direba na iya roƙon kotu cewa zai jefa shi cikin ƙunci fiye da kima. Rasa aiki kaɗai ba lallai ya isa ba. An fi sauraron wanda ya nuna yadda abin zai taɓa wasu, kamar mahaifiya mara lafiya da shi ke kai ta asibiti, kuma ba a sake kawo hujja ɗaya cikin shekara uku. Ɗaukaka ƙara ba ta dakatar da hani sai kotu ta ce ta dakatar. Wanda aka hana saboda maye, idan kotu ta ba shi damar shiga kwas na gyaran hali, ana iya rage masa har kashi ɗaya cikin huɗu na wa'adin. Mai dogon hani da bai kai shekara huɗu ba yana iya neman a ɗage bayan shekara biyu.

Ko wa'adi ya cika, akwai sauran mataki. Idan hanin ya kai kwana 56 ko fiye, sai an nemi sabon lasisi daga DVLA kafin a koma tuƙi. Wanda kuma kotu ta umarta ya sake jarrabawar tuƙi, hanin na kansa har sai ya ci ta, kuma kafin nan sai dai ya tuƙa a matsayin ɗan koyo, da alamar L a jikin mota da ƙwararren direba a gefensa.