Ƙwayar Hutun Haihuwa Ta Masu Goyo: Yadda Ake Shanta

Kowane manomi ya san idan aka cushe dawa a kunya ba a yi sassabe ba, zangarniya ba ta cika. Haka haihuwa take. Idan mace ta yi kwanika, na goye ya rasa nono, uwa ta rame, aikin gida da na gona su tsaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a dakata aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani ciki. A tarurrukan ƙungiyoyinmu ana yawan tambayarmu game da ƙwayar da ake ba masu goyo a asibiti. To, ga bayani, domin mata da mazansu duka.

Ƙwayar tsarin iyali iri biyu ce. Ta farko tana da sinadari biyu, istirojin da furojestin. Wannan takan rage ruwan nono, shi ya sa ba a so mai goyo ta sha ta kafin jariri ya kai wata 6. Ta biyu furojestin kaɗai ke cikinta, kamar wadda ake kira Microlut. Ita ba ta rage nono, ba ta cutar da jariri. Aikinta shi ne ta sa ruwan bakin mahaifa ya yi kauri har maniyyi ya kasa wucewa, wani lokaci kuma ta hana ƙwai fita. Ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga. In aka daina sha, mace tana iya ɗaukar ciki nan da nan.

Amma ƙwayar nan tana da doka, kuma dokar ita ce lokaci:

1. A sha ƙwaya ɗaya kowace rana, a sa'a ɗaya, ko mai gida yana nan ko ya yi tafiya. A zaɓi lokacin da ba a mantawa, kamar bayan tuwon dare, ko a sa waya ta yi ƙara.

2. Wani kati yana da ƙwaya 28, wani 35. Ranar da kati ya ƙare, kashegari a fara sabo. Babu hutu tsakani. Kafin damina ta ɓata hanya, a karɓo kati fiye da ɗaya.

3. In aka makara fiye da awa 3, a sha ɗaya da zarar an tuna, a ci gaba kamar kullum, sannan a yi amfani da kwaroron roba ko a ƙaurace wa juna kwana 2. Akwai irin da ke jure awa 12, sai a tambayi ungozoma wace iri aka bayar.

4. In mace ta yi amai cikin awa 2 bayan sha, ta sake shan wata. In zawo ya yi tsanani, ta je ta sanar da ma'aikaciyar asibiti.

Cikin mata 100 masu goyo da ke shanta, kamar 1 ce ke samun ciki a shekara. Ga waɗanda ba sa goyo, adadin yakan kai kamar 7, yawanci saboda mantuwa.

Al'ada takan canza. Wata ta riƙa ganin ɗigon jini, wata ta daɗe ba ta gani ba. Wannan ba ciwo ba ne, kuma jini ba ya taruwa a ciki. Amma in mace ta ji ciwon mara mai tsanani, ko jiri, ko jini ya yi yawa ƙwarai, a kai ta asibiti ba tare da jinkiri ba, domin yana yiwuwa ciki ne ya zauna a wajen mahaifa.

Wadda ke da sankarar nono, ko ciwon hanta mai tsanani, ko gudan jini a jijiyar ƙafa, kada ta sha. Maganin tarin fuka da ake kira rifamfisin da wasu magungunan farfaɗiya suna rage ƙarfinta, sai a zaɓi wata hanya. Kuma ba ta kare mutum daga ƙanjamau ko ciwon sanyi.

A shekarar 2011 gwamnatin tarayyar Nijeriya ta ba da umarni a riƙa ba da kayan tsarin iyali kyauta a asibitocinta. Saboda haka kada a saya a hannun 'yan talla a kasuwa, kada kuma a ari ta maƙwabciya. A ajiye kati inda babu zafi ko laima, nesa da hannun yara.

Ku kuma 'yan'uwa maza, wannan aikin na ku biyu ne. Ku zauna da matanku ku yi shawara, ku raka su asibiti, ku taimaka wajen tuna lokaci. Shugabannin ƙungiya su gayyaci ungozomar yankinsu zuwa taro na gaba, domin kowa ya yi tambayarsa ya ji amsa daga bakinta.