Bashin da Ya Maƙale: Abin da Ke Karya Ƙananan Bankuna

A watan Satumba na 2010, Babban Bankin Najeriya ya soke lasisin ƙananan bankuna 224 a tashi ɗaya. Ko shekara biyar ba a cika ba da ƙaddamar da tsarin bankunan masu ƙaramin ƙarfi a Disamban 2005. Da aka buɗe littattafansu, ciwon kusan iri ɗaya ne: basussuka sun maƙale, wasu ma a hannun daraktocin bankin da makusantansu, an kwashi kuɗin masu ajiya an zuba a kasuwar hannun jari, ita kuma ta rushe a 2008, saura an binne shi a gine-gine da kayan ofis.

Mutane kan ɗauka tsadar kuɗin ruwa ce ke sa irin wannan banki ya ci riba. A ganina juyawar kuɗi ce. A ɗauki misalin mai tuyar ƙosai da aka ba naira 50,000, tana biya mako-mako. Abin da ta kawo ranar Litinin, kafin Laraba an miƙa wa mai sayar da gawayi. Naira ɗaya sai ta yi aiki sau biyu ko uku a shekara. To, a ce bayan an cire albashin jami'in da ke yawo kasuwa-kasuwa, da man babur ɗinsa, da hayar ofis, abin da ya rage wa banki a wannan rance naira 2,500 ne. Mutum ɗaya ya gudu da uwar kuɗi, ya cinye ribar mutum ashirin da suka biya da gaskiya. Ga shi mai ƙosai ba ta da takardar gida da za ta ajiye jingina. Shi ya sa ake haɗa masu karɓar rance rukuni-rukuni, kowa ya tsaya wa ɗan'uwansa, kamar yadda bankin Grameen na Muhammad Yunus ya yi suna da shi a Bangladesh. Wanda ya taɓa zubin adashi ya san kunyar kasa biya a gaban 'yan'uwa. Ta fi ɗan sanda aiki.

Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, rancen da biyansa ya makara kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na duk abin da ke waje. Manajan da ke son ɓoye ɓarna kuwa yana da dabara: ya sabunta wa mai taurin bashi rance, a takarda komai lafiya, a aljihun banki ba ko sisi.

Sai batun kuɗin hannu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai ajiya na iya zuwa gobe da safe, musamman gab da Sallah ko lokacin biyan kuɗin makaranta, alhali an ba manomi rancen da sai kaka zai biya. A ajiye da yawa, kuɗi ya kwanta ba ya haihuwa. A rantar da duka, ranar da aka ce wa mutum biyu "ku dawo gobe", kafin la'asar labari ya gama kasuwa.

A 2019 Babban Banki ya ɗaga mafi ƙarancin jari zuwa naira miliyan 50 ga mafi ƙanƙantar banki, biliyan 5 ga mai rassa a faɗin ƙasa. Duk da haka a Mayun 2023 an sake soke lasisin wasu 179. Inshorar da hukumar kare kuɗin masu ajiya, NDIC, ke bayarwa a lokacin naira 200,000 ce ga kowane mai ajiya. Wanda kuɗinsa ya haura haka, sai ya jira a sayar da kadarorin bankin a kuma karɓo basussukan da ke waje.