Allon Alƙaluma da Lissafin Auduga a Gonakin Jazira

1.0 Gabatarwa

Allon alƙaluma shafi ne guda a fuskar kwamfuta da ke tattaro lissafin kamfani wuri ɗaya, wato kuɗin da suka shigo, da waɗanda aka kashe, da basussuka, da riba ko faɗuwa. An kamanta shi ne da allon gaban direba, inda kallo ɗaya ya isa a san gudun mota da sauran man da ke tanki. Akan gina shi da manhajoji irin su Excel ko Power BI. Wannan takarda za ta bayyana aikinsa ta hanyar misali da gonakin Jazira na ƙasar Sudan.

2.0 Jazira da Hausawanta

Jazira tana tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu. An fara noman rani gadan-gadan a nan a 1925, da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar. Bayan an ƙara yankin Managil, faɗin gonakin ya kai kimanin fadan miliyan 2 (fadan ɗaya ya ɗara eka ɗaya kaɗan). Hedikwatar tana Barakat, kusa da Wad Madani.

Hausawa da Fulani sun riga madatsar zuwa. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Maniyyata da yawa sun yada zango a wannan yanki don neman guzuri da tsinkar auduga, wasunsu kuma zama ya kama su ke nan.

3.0 Yadda aka riƙa lissafi

Da farko, akan haɗa kuɗin audugar kowa a asusu ɗaya, a cire wasu ɗawainiyoyi, sannan a raba: kashi 40 cikin ɗari ga gwamnati, 40 ga manoma, 20 ga kamfanin Ingila mai kula da aikin. A 1950 Hukumar Jazira ta gaji kamfanin, amma asusun haɗakar ya ci gaba.

A nan ne matsalar take. Tunda a dunƙule ake cire ɗawainiya, manomin da ya yi ƙwazo shi ke ɗaukar nauyin wanda ya yi sakaci. Bugu da ƙari, auduga ce kaɗai ake rabawa, dawa da gyaɗa kuwa na mai gona ne. Don haka ba abin mamaki ba ne manomi ya karkata ƙarfinsa, wani lokaci har da takin da aka ba shi, zuwa ga abin da ba mai raba shi da shi. Jimlar da ke isa Barakat tana nuna auduga ta ragu, amma ba ta faɗin gonar wa, balle dalili. A 1981 aka koma asusun mutum ɗaya-ɗaya, kowa da kuɗin ƙasa da ruwa a kansa.

4.0 Abin da mai gina allo zai lura da shi

Abu na farko shi ne ma'aunin da za a tsaya a kai. Jimlar kuɗin shiga takan burge shugaba, amma ribar fadan ɗaya bayan cire iri da taki da ruwa da ƙodago ta fi ta faɗin gaskiya. Kuma dole allon ya bari a sauka daga jimla zuwa shiyya, daga shiyya zuwa hawasha, wato gonar manomi guda.

Sai batun darajar kuɗi. A 2021 hauhawar farashi a Sudan ta haura kashi 300 cikin ɗari. Zanen da ya jera fam na bana da na bara ba tare da gyara ba zai nuna riba tana hawa alhali manomi yana tsiyacewa.

Mafi wuya shi ne abin da bai shiga littafi ba. Ma'aikata da dama, ciki har da Hausawan da ke zaune a kanabi, wato sansanonin 'yan ƙodago, sukan noma hawasha bisa yarjejeniyar baka da mai ita, a raba amfani bayan girbi. Sunan mai hawasha ne ke cikin rajista. Allon da aka gina kan rajistar zai danƙa masa ribar duka, rabon wanda ya yi shuka da cira da tsinka kuwa ba zai fito a kowane layi ba, sai an bi ƙauyukan an tambayo an shigar da shi da hannu.