Sabuwar Kwamfuta Mai Nauyin Tashi: Ina Ciwon Yake?

Tun daga 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, shagunan buga takardu suka ƙara daraja a ƙauyuka da garuruwanmu. Daga mararrabar Marnona zuwa Wurno, Rabah da Goronyo a Jihar Sakkwato, duba sakamakon WAEC da NECO, cike takardun neman aiki da tsara katin ɗaurin aure duk sun zama sana'ar da ake ci da ita. Sabuwar kwamfuta dal daga kamfani kuwa ta fi ƙarfin aljihun mafi yawan matasa. Saboda haka sai a haɗa: babban allo da furosesa daga Titin Beirut a Kano, ram daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja, akwati da faifan ajiya na hannu, 'yan Kwatano. A ɗaure komai, a kunna, ta tashi. Bayan kwana biyu sai ta fara nauyin tashi, ko ta daskare ana tsakiyar aiki, ko ta mutu ta sake kunna kanta.

Maganin da ake fara kawowa kusan kullum guda ne: «Bairos ne, a yi mata fomat.» A ganina wannan al'ada ta fi kowace cin kuɗin masu shago a banza. Kwamfutar da aka haɗa shekaranjiya, wadda ko intanet ba ta daɗe a kai ba, da wuya a ce bairos ne ke kashe ta. Idan ciwon yana cikin ƙarfe ko a wuta, ko sau goma aka sake loda Windows yana nan inda yake.

Tambayar farko ita ce: a ina take jinkirin? Tashin kwamfuta zango biyu ne. Da ka danna maɓalli, wata ƙaramar manhaja da ke zaune a kan babban allo, BIOS ko sabon salonta UEFI, ita ke fara duba ram, furosesa da duk abin da aka jona. Sai ta gama take miƙa ragama ga Windows. Idan jiran yana faruwa ne kafin tambarin Windows ya bayyana, to Windows ba ta da laifi ko kaɗan, don ba ta ma farka ba tukuna.

A wannan zango na farko akwai jinkirin da ba ciwo ba ne. Sababbin alluna masu amfani da ram nau'in DDR5, musamman na furosesar AMD Ryzen 7000 da suka fito a Satumban 2022, sukan tsaya da baƙin gilashi na 'yan mintuna a kunnawar farko, suna gwada saurin da ram ɗin zai iya ɗauka. Mai gaggawa sai ya zare wuta, gwajin ya koma farko, ya ce an sayar masa da mataccen kaya. A bar ta ta gama. Idan kuma kullum haka take yi, sabunta BIOS yakan rage jiran, kuma akwai zaɓi a cikinsa mai suna Memory Context Restore da ke sa ta tuna gwajin da ta riga ta yi. Amma yawancin allunan da ke zuwa yankinmu tsofaffi ne, kuma ciwonsu ya fi sauƙi: ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032 mai bolt 3, ya mutu. Alamarsa ba ta ɓuya, agogo da kwanan wata suna komawa baya duk lokacin da aka zare wuta, kuma na'urar takan tsaya tana neman a danna F1. Haka nan filas ko firintar da aka bari a jone na iya sa ta tsaya neman Windows a inda babu shi. A zare komai banda madannai da gilashi, a sake gwadawa.

In kuwa bayan tambarin ne take jan ƙafa, a fara zargin faifan ajiya. Tsohon faifai mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ba zai taɓa kamo SSD ba, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa. Furosesa mai ƙarfi a kan tsohon faifai kamar ingarman doki ne da aka ɗaure wa ƙafa. Faifan na hannu kuma yana iya zuwa da ciwonsa, kuma manhajar kyauta irin CrystalDiskInfo tana nuna awannin da ya yi yana aiki da ko ya fara lalacewa. Ya kamata mai saye ya ce a buɗe masa ita tun a gaban mai sayarwa. Sauran shi ne tarkacen manhajojin da ke tashi tare da Windows, waɗanda ake kashewa a Task Manager, da kuma al'adar ɗora maganin bairos biyu ko uku a lokaci guda, suna ta kokawa da juna.

Mutuwa da daskarewa su ne babban aiki, kuma a nan ne ƙasarmu ta bambanta da inda aka ƙera kayan.

Wuta tukuna. Wutar Nepa da Kaduna Electric ke rabawa a Jihar Sakkwato ya kamata ta zo a bolt 230, amma duk mai shago ya san yadda ƙwai ke dusashewa da yamma, in ma an kawo ta. Saboda haka ƙaramin janareto ko sola ne ke riƙe da aikin. Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: injin fotokwafi da firintar leza suna da wani ƙarfe da ke zafafa don narkar da garin tawada a kan takarda, kuma a daidai lokacin da ya fara ɗaukar zafi yana zuƙar ɗaruruwan wat a tashi ɗaya. Ƙaramin janareto sai ya yi nishi, wuta ta faɗi na ƙiftawar ido, kwamfuta ta mutu ta sake tashi. Duk wanda kwamfutarsa ke mutuwa daidai lokacin da aka danna fotokwafi, ya daina neman mai fomat, ya raba musu layi, ya sa wa kwamfutar UPS ita kaɗai. Kada kuma a jona firintar leza a UPS ɗin, za ta durƙusar da shi. Inbata mai araha ma tana da nata: wutar da take fitarwa hawa-hawa take, ba ta tafiya sumul kamar ta Nepa, kuma wasu akwatunan raba wuta na zamani da ke cikin kwamfuta ba sa jituwa da ita.

Shi kansa akwatin raba wutar da ke cikin kwamfuta, nan ne ake yawan yin ƙwauro. A kashe kuɗi a furosesa, sannan a ɗauko akwati marar suna, marar nauyi a hannu, an rubuta masa wat 500 da bai kai ba. Idan aka buɗe Event Viewer aka ga saƙon Kernel-Power mai lamba 41, abin da yake faɗi kawai shi ne na'urar ta mutu ba tare da an kashe ta yadda ya kamata ba. Bai faɗi dalili ba, amma in babu shuɗin gilashin da Windows ke nuna kuskure a kansa kafin mutuwar, wuta da zafi ne a sahun gaba. Kuma a duba bayan tsofaffin akwatunan da suka fito daga Amurka, wasu suna da jan makunni mai 115 da 230. In yana kan 115 aka jona a wutarmu, sai hayaƙi.

Sai zafi. A watan Afrilu ma'aunin zafi a Sakkwato yakan haura digiri 40, a shago mai rufin kwano kuwa abin ya wuce haka. Furosesa idan ta kusanci digiri 95 zuwa 100 takan rage gudu da kanta, in ya ci tura ta kashe na'urar don kada ta ƙone. Kwamfutar da ke lafiya lau da safe amma ta fara shirme bayan azahar, ta riga ta faɗa maka ciwonta. A sabuwar haɗawa, dalilin yakan zama an manta cire siririyar ledar da ke ƙarƙashin ƙarfen sanyaya, ko ba a shafa man da ke tsakaninsa da furosesa ba, ko an ɗaure kusurwa uku an bar ɗaya. Da hunturu ya shigo kuma ƙura ta toshe fanka. A ɗaga akwatin kwamfutar daga ƙasa, a riƙa hure shi da abin hura iska, a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa.

Ram shi ne mai ruɗa mutane, don ciwonsa ba shi da lokaci: yau shuɗin gilashi, gobe lafiya, jibi fayil ya lalace. Hanyar Kano zuwa Sakkwato a bayan mota ta isa ta sassauta shi a raminsa. A cire, a mayar har sai an ji ƙaras a gefe. A allo mai ramuka huɗu, in sanda biyu ne, yawanci rami na biyu da na huɗu daga furosesa ake sa su. Haɗa sanduna daga kamfanoni daban-daban wani lokaci yana tafiya, wani lokaci a'a. In an kunna XMP ko EXPO, wato zaɓin da ke ƙara wa ram gudu, a kashe shi a gani. Sannan a bar MemTest86 ya kwana yana gwaji, sanda ɗaya bayan ɗaya. Kuskure ko guda ya isa hujjar mayar wa mai kaya.

Ba kullum ne laifin mai haɗawa ba. A 2024 kamfanin Intel da kansa ya amsa cewa wasu furosesocinsa na zubi na 13 da na 14 suna neman wuta fiye da ƙima har su lalace, ya fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garanti. Sai dai sabunta BIOS aiki ne da ba a yin sa a kan wutar da ba a amince da ita ba, domin in ta ɗauke a tsakiya allon na iya ƙin tashi gaba ɗaya.

Duk wannan ba zai yi amfani ba in an canza abu biyar a zama ɗaya. Ko ta warke ba a san me ya warkar da ita ba, mai gyara kuma zai caji kuɗin duka biyar ɗin. A taɓa abu ɗaya, a yi aiki da ita, a rubuta abin da aka gani: ƙarfe nawa ta mutu, a kan wace wuta take, me aka buɗe, kuma wace kalma ce a kan shuɗin gilashin. A ɗauki hotonsa da waya. Wanda ya shiga mota daga Goronyo zuwa Sakkwato da wannan takarda a aljihu, ya kuma tafi da akwatin kwamfutar da wayar wutarta, zai iya cewa a gwada masa akwatin raba wuta da ram a gabansa kafin kowa ya ambaci fomat.