Ƙwallo Ɗaya a Owerri: Yadda Kofin Zakarun Afirka na 2009 Ya Suɓuce wa Najeriya

  Kamar kullum, ga shirin a rubuce saboda waɗanda data ba ta isa su saurara ba.

Yau hirar ƙwallo ce, amma ba ta Turai ba. Na san in ka shiga gidan kallo ka ce a ba ka labarin wasan Liverpool da AC Milan na 2005, har yaron da ba a haifa ba a lokacin zai karanto maka yadda aka farke ƙwallo uku. To amma ka tambayi mutane yaushe rabon da wata ƙungiyar Najeriya ta buga wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka, sai ka ji shiru. Amsar ita ce 2009. Kuma a shekarar saura ƙiris a ce Kano Pillars ce ta buga shi. Abin da nake so mu fahimta yau shi ne yadda doka guda ɗaya ta ɗaga Pillars sama, sannan ita dai wannan dokar ta raba Najeriya da kofi.

Bari mu fara da dokar. Ana ce mata dokar ƙwallon waje. Idan ƙungiyoyi biyu suka buga gida da waje, sai a haɗa ƙwallayen wasannin biyu. In aka samu kunnen doki, wanda ya fi zura ƙwallo a gidan abokin karawarsa shi ne ya wuce. Mutane kan ce wai ƙwallon waje biyu ce. Ba haka ba ne. Ɗaya ce kamar kowace, sai dai in lissafi ya zo daidai, ita ce ke raba gardama. Hukumar ƙwallon Turai ta shigo da ita a 1965, don ƙungiyar da ta je baƙunta ta daina tare gida kawai, ta fito ta nemi ci.

To yanzu mu koma 2009. Pillars ta shiga gasar ne saboda ta ci kofin lig na Najeriya a 2008, karon farko a tarihinta, a ƙarƙashin koci Kadiri Ikhana. Kafin a kai matakin rukuni sai aka haɗa ta da Al Ahly ta Masar. Ku tsaya ku ji wace ce Al Ahly a lokacin: ita ke riƙe da kofin, ta ci a 2005, ta ci a 2006, ta sake ci a 2008. Wasan farko a nan gida Najeriya aka tashi 1-1. A lissafi, Al Ahly ta riga ta samu ƙwallon waje, ko 0-0 aka yi a Alƙahira ta wuce. Sai Masu Gida suka je can aka tashi 2-2. Jimilla 3-3 ke nan, amma Pillars na da biyu a waje, Al Ahly na da ɗaya. Haka aka yi waje da mai riƙe da kofi ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba. Wallahi ko yau aka tuna abin sai tsigar jiki ta tashi.

A rukuni, Pillars ta haɗu da Al Hilal da Al Merrikh na Sudan, da ZESCO United ta Zambiya, kuma ita ta zo ta ɗaya. A ɗaya rukunin kuwa TP Mazembe ta Kwango ce ta ɗaya, Heartland ta Owerri ta biyu. Shi ya sa a wasan kusa da na ƙarshe aka haɗa 'yan gida ɗaya, Pillars da Heartland. Nan ne fa tafiyar ta tsaya. Heartland ta ci 4-0 a Owerri, ta zo ta ƙara 1-0. Abin ya yi wa mutanen Arewa zafi, amma dai an san ko ta yaya Najeriya na da wakili a wasan ƙarshe.

Heartland ba baƙuwa ba ce a wannan mataki. A 1988, lokacin tana amsa sunan Iwuanyanwu Nationale, ta kai wasan ƙarshe, Entente Setif ta Aljeriya ta doke ta. Ita kuma Mazembe, ƙungiyar birnin Lubumbashi, rabonta da kofin tun 1967 da 1968. Shekara 41 tana jira. Shugabanta Moise Katumbi, wanda a lokacin shi ne gwamnan lardin Katanga, ya zuba dukiya don ya dawo da martabarta. Kowa da yunwarsa ya zo.

Ranar 1 ga Nuwamba 2009 aka buga wasan farko a filin Dan Anyiam da ke Owerri. Tresor Mputu na Mazembe ne ya fara zura ƙwallo. King Osanga ya farke ba da jimawa ba, sannan can wajen ƙarshen wasa Uche Agba ya ƙara ta biyu. Aka tashi 2-1, Heartland ta yi nasara, 'yan kallo suka koma gida da murna. To amma mai lissafi ya san an bar baya da ƙura. Saboda waccan ƙwallo ta Mputu, Mazembe ba ta buƙatar komai a gidanta sai 1-0. Ku kwatanta: da 1-0 Heartland ta ci a Owerri, sannan aka ci ta 1-0 a Kwango, da sai an je bugun fenariti. Da 2-0 ta ci kuwa, da kofi ya zo Najeriya. Tazarar ƙwallo ɗaya ce tsakanin 2-1 da 1-0 duka, amma a idon wannan doka ba ɗaya suke ba.

Ranar 7 ga Nuwamba aka koma Lubumbashi. Heartland ta riƙe wasa har aka tafi hutun rabin lokaci babu ci, aka dawo aka ci gaba babu ci. A wannan lokacin kofi na hannunta. Sai da ya rage kusan kwata a tashi, ɗan wasanta Victor Ezuruike ya ci gida. Ba ɗan Mazembe ba ne ma ya ci, ƙaddara ce ta faɗa wa namu. Aka tashi 1-0, jimilla 2-2, Mazembe ta ɗaga kofi da ƙwallon waje. Dokar da ta yi wa Pillars rana a Alƙahira, ita ce ta yi wa Heartland dare a Lubumbashi.

Ni a ganina bai kamata a ɗora wa Ezuruike laifin duka ba. Duk mai tsaron baya zai iya cin gida. Asalin asarar tun a Owerri aka yi ta. In kuna son hujja, ku dubi Enyimba a 2003, da Kadiri Ikhana ɗin nan dai a matsayin koci. Ta ci Ismaily ta Masar 2-0 a Aba, aka ci ta 1-0 a can, ta ɗauko kofin, karon farko ga Najeriya. Duka biyun an ci su 1-0 a waje. Bambancin kawai shi ne Enyimba ta ƙara tazara kuma ta kulle ragarta a gida. Ta sake ɗauka a 2004 bayan ta doke Etoile du Sahel ta Tunisiya a bugun fenariti a Abuja. Waɗannan biyun su ne kaɗai kofunan da Najeriya ke da su a gasar. Rangers ta faɗi a wasan ƙarshe a 1975, Shooting Stars ta faɗi a 1984 da 1996, duka biyun a hannun Zamalek.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni takaici. Mazembe ta ɗora a kan nasararta. A 2010 ta sake cin kofin, ta lallasa Esperance ta Tunisiya 6-1 a jimilla. A watan Disambar shekarar ta doke Internacional ta Burazil 2-0 a gasar ƙungiyoyi ta duniya, ta zama ƙungiyar Afirka ta farko da ta kai wasan ƙarshe, inda Inter Milan ta ci ta 3-0. Ku tuna, wannan ita ce ƙungiyar da sai da taimakon cin gida ta iya ƙwace kofi daga hannun Heartland shekara ɗaya kafin nan. Pillars kuwa ta ci lig sau uku a jere, 2012, 2013 da 2014, amma ba ta sake kaiwa inda ta kai a 2009 ba.

Me ya jawo? Kowa na da ra'ayinsa, ga nawa. Yawancin ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne, in gwamnati ta canza ko kuɗi ya yi jinkiri sai tsari ya rushe. Ɗan wasa na yin fice sai ya tafi waje, ba a riƙe tawaga ɗaya shekara uku. Sannan a lig ɗinmu mun saba da tunanin cewa in ka ci a gida ka gama aiki, waje kuwa sai abin da Allah ya yi. Gasar Afirka ba ta yafe wannan tunanin. Ko Pillars ce, ko Katsina United in Allah ya kai ta can, sai ta koyi cin ƙwallo a gidan wani, ta kuma hana a ci ta a nata.

Wani zai ce ai an soke dokar. A Turai ne aka soke ta, a 2021. A Afirka an ci gaba da aiki da ita, don ko a 2025 da ita Mamelodi Sundowns ta Afirka ta Kudu ta fitar da Al Ahly a wasan kusa da na ƙarshe: 0-0 a gida, 1-1 a Alƙahira. Kusan irin abin da Pillars ta yi musu shekara 16 kafin nan.

To jama'a, a nan za mu dakata. Ga tambayar da na bar muku ku tafka a majalisa ko a teburin mai shayi: da Pillars ce ta wuce Heartland, kuna ganin za ta iya cin ƙwallo a Lubumbashi kamar yadda ta ci biyu a Alƙahira? Kuma dokar nan, a bar ta ko a soke ta kamar yadda Turawa suka yi? Ina jiran amsarku. Allah ya ba yankinmu zaman lafiya, ya kai mu shiri na gaba.