Goyo a Kan Ƙirji: Karen Ruwan Teku da Marayunsa

A gaɓar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, inda ruwan tekun Fasifik yake da tsananin sanyi, akwai wata dabba da za mu kira karen ruwan teku. Allah bai hore mata kitse mai kauri irin na sauran dabbobin teku masu shayarwa ba. Gashinta ne bargonta, kuma babu dabbar da ta kai ta cikar gashi. Domin jikinta ya riƙe ɗumi, sai ta ci kimanin rubu'in nauyinta kullum, daga kaguwa zuwa dodon koɗi. Takan nutse ta ɗebo su, ta kwanta rigingine bisa ruwa, ta ɗora dutse a ƙirji ta fasa ɓawon.

To, mu dubi halin mai jego, 'yan'uwa. Ɗa ɗaya take haifa, uban kuwa tuni ya yi gaba. A ƙirji take goyo. Tana lasar gashin jaririn tana hura masa iska har ya zamana ba ya iya nutsewa, sannan ta naɗe shi da ciyawar teku kada igiyar ruwa ta tafi da shi, ta gangara neman abinci yana ta tsala kuka. Wajen wata shida ana haka. Masu bincike sun gano cewa dab da yaye buƙatarta ta abinci takan kusa ninkawa, shi ya sa ake tsintar wasu iyayen a bakin gaɓa daga fata sai ƙashi, wasu ma rai ya yi halinsa.

Maharba masu neman fatarsu sun kusa ƙarar da jinsin kafin yarjejeniyar 1911. Na Kalifoniya yau kimanin 3,000 ne kacal, saboda haka asarar maraya ɗaya ba ƙarama ba ce.

A gidan adana halittun ruwa na Monterey, ma'aikata sun daɗe suna rainon marayun da hannunsu. Sun yi iya ƙoƙarinsu, amma marayun sukan shaƙu da mutane, da yawa su kasa zaman teku. A 2001 aka miƙa wani maraya ga wata mace mai suna Toola, wadda ta haifi nata ɗan babu rai. Ta rungume shi ta shayar da shi, ya koyi nutso da fasa ɓawo a gefenta. Kafin mutuwarta a 2012 ta raini marayu 13. Da yawa daga waɗanda aka raina ta wannan hanya an sake su a mashigin ruwan Elkhorn, inda suka hayayyafa.