Intanet Ɗin Gida Yana Zuwa Yana Ɗaukewa: Yadda Za a Gano Inda Matsalar Take



'Yan'uwa, koken da ake yawan ji daga gidajenmu a Salaga da Yendi da Bawku shi ne intanet ba ya tsayawa. Ɗalibi yana tsakiyar cike fom ɗin makaranta ko duba sakamakon jarrabawa sai ya yanke. Ana sauraron karatu kai tsaye, sai murya ta tsaya cak. Uwa tana magana da ɗanta da ke ƙasar waje, sai hoto ya daskare. Da yawa daga cikinmu abin da suke yi shi ne su je kasuwa su sayi sabuwar na'ura ko sabon layi, kuɗi su tafi, matsala kuma tana nan inda take. Dalili shi ne an ba da magani kafin a gano ciwo.

Ku sani cewa saƙon da ke isowa wayarku tafiya yake yi zango-zango, kamar yadda ayarin fatake ke ɗauko goro daga Salaga zuwa Kano a da. Zango na farko daga waya ko kwamfuta zuwa rawuta, wato akwatin da ke raba Wi-Fi a gida. Na biyu daga rawuta zuwa ƙarfen sabis na kamfani. Na uku daga ƙarfen sabis zuwa cibiyoyin kamfanin ta igiyoyin da aka binne a ƙasa. Na huɗu igiyoyin ƙarƙashin teku da suka haɗa Gana da sauran duniya. In ɗaya ya yanke, duka sun tsaya. Aikin mai gida shi ne ya gano zangon da ke yankewa.

Tambayoyi biyu na farko

Idan ya ɗauke, kada a yi saurin kashe komai. A fara duba alamar Wi-Fi a saman waya. In alamar ta ɓace gaba ɗaya, matsalar tana cikin gida, tsakanin waya da rawuta. In alamar tana nan cike amma babu abin da ke buɗewa, to rawuta ce ta rasa hanyar fita waje, ko kuma data ta ƙare.

Sannan a tambayi mutanen gida: ku ma ya ɗauke muku? In waya ɗaya ce kawai ke fama, sauran suna aiki, laifin na wayar ne. A kashe ta a kunna, a goge sunan Wi-Fi ɗin daga cikinta a sake shigar da kalmar sirri. In kowa ne ya rasa a lokaci guda, sai a koma kan rawuta.

A rubuta lokacin da yake ɗaukewa

Ciwon da ke zuwa yana tafiya, lokacinsa ne ke tona asirinsa. A sami takarda a ajiye kusa da rawuta na mako guda. Duk sanda ya yanke, a rubuta ƙarfe nawa ne, akwai wuta ko babu, ana ruwa ko rana, fitilun rawuta wane launi suka nuna, kuma minti nawa ya yi kafin ya dawo. Wannan aiki ne da ɗalibin gida zai iya riƙewa. Bayan mako, takardar da kanta za ta nuna hanya.

In yankewar ta fi yawa daga bayan magariba zuwa wajen ƙarfe goma na dare, amma da asuba yana gudu lafiya, wannan cunkoso ne. Kowane ƙarfen sabis yana da iyakar abin da zai ɗauka, kuma a lokacin ne duk unguwa ke kansa. Sabuwar rawuta ba za ta gyara wannan ba. Sai dai a mayar da manyan ayyuka, kamar sauke darussa da tura takardu, zuwa bayan sallar asuba.

In kuwa yana bin wutar lantarki ne, a lura da kyau. Mu a arewa kamfanin NEDCo ne ke raba mana wuta. Ba sai an ɗauke ta gaba ɗaya ba: ƙiftawa kaɗan ko raguwar ƙarfinta ta isa ta sa rawuta ta mutu ta sake tashi, kuma takan ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ta koma aiki. Alamar haka ita ce fitilunta su mutu duka, sannan su riƙa kamawa ɗaya bayan ɗaya. A duba soket ko ya yi sako-sako, kada a haɗa ta wuri ɗaya da firij ko dutsen guga. A duba cajarta ma, domin caja da ta gaji ko wadda ba tata ba tana kawo irin wannan. Yawancin rawutoci bolt 12 suke ci, kuma adadin yana rubuce a jikinsu. Akwai ƙananan batura na ajiyar wuta da ake yi dominsu.

In da tsakar rana ne, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafi ke kai digiri 40 a yankinmu, a taɓa jikin rawutar. In ta yi zafi sosai, a ɗauke ta daga kan talabijin ko inda rana ke bugunta, kada a lulluɓe ta da ƙyalle. Ƙurar hunturu ma tana toshe ƙofofin shan iskarta, sai a riƙa kakkaɓewa.

Mazaunin rawuta

Yawancin gidajenmu da rawuta mai sim ko ƙaramar MiFi suke aiki, na MTN ko Telecel, wadda a da ake kira Vodafone, ko AT, wadda a da ake kira AirtelTigo. Irin wannan rawuta kamar waya take, tana neman ƙarfen sabis. Rufin kwano da katanga mai kauri suna rage mata ƙarfi. A ɗora ta a sama, kusa da tagar da ke fuskantar ƙarfen sabis, a gwada wurare biyu ko uku a ga inda ta fi kamawa.

A lura kuma da rubutun da ke kusa da alamar sabis. In yana tsalle tsakanin 4G da 3G da E, kowane tsalle yana iya yanke kira ko karatu. A cikin saitin waya ko rawuta ana iya tsayar da ita a kan guda ɗaya. 3G da ya tsaya daram ya fi 4G mai zuwa yana tafiya.

'Yan'uwanmu na Bawku da ƙauyukan da ke dab da iyakar Togo da Burkina Faso suna da ƙarin abin lura. Waya takan saki kamfanin gida ta kama na ƙetare in ya fi ƙarfi a wurin, sai data ta tsaya. A shiga saiti a zaɓi kamfanin da hannu, kada a bar wa waya zaɓi.

Game da Wi-Fi na cikin gida, rawutoci da dama suna fitar da zango biyu, 2.4 da 5. Na 5 ya fi sauri amma ba ya ratsa katanga sosai. A gidan yawa mai ɗakuna kewaye da tsakar gida, na 2.4 ya fi kaiwa nesa. A kuma ƙirga masu amfani. Kalmar sirri in ta zaga unguwa, wayoyi ashirin na iya hawa kan na'urar da ba za ta iya da su ba. A canza ta lokaci-lokaci, a bai wa wanda aka yi niyya. Kafin a zargi kowa, a tabbatar da sauran data.

In matsalar ta wuce gida

Gwajin da ke raba gardama shi ne musanya. A cire sim ɗin rawuta a sa a waya. In ya yi aiki lafiya a wuri guda da lokaci guda, rawutar ce ke da laifi. In bai yi ba, a gwada layin wani kamfani. A kuma tambayi maƙwabci mai layi iri ɗaya. In shi ma ya rasa, to abin ya fi ƙarfin gida.

Garuruwanmu suna nesa da bakin teku, saƙo kuwa sai ya bi ɗaruruwan kilomita na igiya. Ɗaya daga cikin manyan igiyoyin, wadda gwamnati ta ƙaddamar a 2015, ta tashi daga Ho zuwa Bawku, da reshe daga Yendi zuwa Tamale. Kamfanonin waya sun daɗe suna kokawa cewa masu aikin hanya da masu haƙa suna tsinka musu igiyoyi. Mun kuma ga abin da ya faru ranar 14 ga Maris, 2024, a farkon azumi, lokacin da igiyoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace, intanet ya yi rauni a Gana da maƙwabtanta, gyara kuma ya ɗauki makonni. A irin wannan rana, ko rawuta goma mutum ya saya ba za ta amfane shi ba.

Idan bincike ya nuna laifin na kamfani ne, a kira lamba 100, a faɗi unguwa da ranaku da lokuta kamar yadda aka rubuta a takarda, a nemi lambar ƙorafi a ajiye. Koke mai hujja ya fi saurin samun kulawa, musamman in maƙwabta da yawa suka kai shi. In ba a ga gyara ba, ana iya kai ƙara ga hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA, wadda ke da ofis a Tamale.

Nasiha ta ƙarshe ga ɗalibai: kada a bar cike fom ko tura aiki sai daren ƙarshe. A sauke darussa a ajiye tun sabis yana da kyau, kuma in da hali a riƙe layi na biyu na wani kamfani da 'yar data a ciki. A wajen gwaji kuma, a canza abu ɗaya a lokaci guda, domin wanda ya canza abu biyar tare ba zai san wanne ya yi magani ba.

Allah Ya sa mu dace, Ya yi wa karatun yaranmu albarka.